Mai Sunan Hajiya

Ɗahiru ne ya kawo mini wannan abin, kuma da bakinsa ya kira shi ci-gaba.

Ɗahiru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara babu maganar arziki tsakaninmu. Ranar da ya taɓa gaishe ni da ladabi, sai da na tambaye shi wa ya rasu. Kayan gyaran mota yake sayarwa a Ƙofar Ruwa, amma bara ya je wata bita ta kwana uku a kan kasuwancin zamani, ya dawo da tabarau marar magani da jakar rataye. Tun daga lokacin dangi ba su ƙara hutawa ba.

Ni kuwa sunana Gwadabe, baduku ne a kasuwar Kurmi ta Kano, a rumfar da na gada daga mahaifina. Jakunkuna nake yi, da takalma, da tumtum. Yawancin masu sayen kayana yanzu ba sa shigowa kasuwa. Hoto suke turowa ta waya, su ce a yi musu irin wannan. Ni kuma hannuna kullum ko yana cikin gam ko yana cikin rini, ga babban yatsana ya fi haruffan wayar faɗi. Saboda haka amsata ga kowa kalma ɗaya ce: To.

Wata Talata da hantsi ya faɗo rumfata, ya ɗauki wayata ba tambaya.

"Bawana, saƙo arba'in da ɗaya ba ka buɗe ba. Wannan Hajiyar tun Asabar take neman takalmi lamba talatin da tara. Kasuwa kake ci ko zaman makoki?"

"Ajiye mini waya, ɗan mace."

"Sakatare zan yi maka."

"Kai? Gara in ɗauki akuya."

"Ba ni ba, jahili. Ƙirƙirarriyar basira."

Na ce masa a iya sanina abin da ake ƙirƙira ƙarya ce. Ya ce jahilcina ya isa a kai shi gidan tarihi, 'yan makaranta su riƙa zuwa kallo. Ya zauna a kan fatun da na jera, ya saukar da wata manhaja, ya haska wani zane mai kusurwa huɗu kamar ƙudaje sun yi taro a kan tabarma. Wai da haka ya haɗa abin da wurin saƙonnina. Sai tambayoyi suka fara fitowa. Ka yarda ya karanta saƙonninka? Ɗahiru ya danna na yarda. Ka yarda ya ga sunayen mutanenka? Na yarda. Ka yarda ya yi magana da sunanka? Na yarda. Duk da yatsansa. Ko a wurin ɗaurin aure ana juyowa a dubi waliyyi kafin a shafa fatiha.

"Yana tambaya su wa zai riƙa amsa wa," in ji shi. "Yaya kake ajiye sunan kwastomominka?"

Na ce akwai Hajiya Abuja, akwai Hajiya Mai Jar Jaka, akwai Alhaji Tumtum, da dai sauransu.

"Shi ke nan, abu ya zo da sauƙi. Duk sunan da ke da Hajiya ko Alhaji a ciki."

Na ji da kunnena. Amma hankalina yana kan ɗinki.

A nan sai in yi bayanin abin da Ɗahiru bai tuna ba, ni ma ban tuna ba. Ina da 'yar fari, shekararta ashirin da biyu, tana shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin jinya a Azare. Sunan mahaifiyata na sa mata. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya: ga ta 'yar fari, ga sunan uwa. Mutanen gida Ummi suke ce mata. Ni ko wannan ban taɓa kira ba, sunan yankan kuwa ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba. In tana tsakar gida ina son ta kawo ruwa, uwarta Mero nake duba in ce, "Gaya wa waccan ta kawo ruwa." Haka babana ya yi da yayana, haka na taso na gani, kuma ban ga wanda ya mutu saboda haka ba. Da ta sayi waya ta shigar mini da lambarta, sai na ajiye ta da sunan da bakina zai iya faɗa: Mai Sunan Hajiya.

Duk Juma'a takan rubuto, "Baba barka da Juma'a." Ni kuma in rubuta, "To." Shekara uku muna haka. Kada wani ya ɗauka ban damu ba. In Mero tana waya da ita, nakan tsiri gyaran rediyo a bakin ƙofar ɗakin. In na ji an yi haɗari a hanyar Bauchi, ba na taɓa tuwo sai na ji an ce ta kira. Amma damuwa daban, surutu daban.

To, sakataren Ɗahiru ya kama aiki. Malam Iyayi na sa masa suna, don ban taɓa ganin abu mai iyayi kamarsa ba. Mace za ta tambayi farashin jaka, sai ya gaishe ta, ya gaida maigida, ya gaida yara, ya ce, "Mun gode da tuntuɓarmu." Mu wa? Ni da basillata? Ya gaya wa Hajiya Abuja wai jakar da ta zaɓa tana bayyana kyawun halinta. Fatar akuya ce, ni na san akuyar da ƙyar aka jeme ta. Bayan kowace magana kuma sai ya liƙa hoton fure, kamar mai neman aure. Amma ba zan yi ƙarya ba, oda ta ƙaru. Da safe yakan jero mini abin da aka nema, in duba, in kama aiki. Na daina buɗe saƙonnin ma gaba ɗaya.

Juma'a ta zo, wayar ba ta nuna mini gaisuwar da na saba gani ba. Na ce ko caji ne ya ƙare mata. Wata Juma'ar ta zagayo, shiru. Daga masallaci har gida ina taɓa aljihu. Ban san cewa saƙon da Malam Iyayi ya riga ya amsa ba ya ƙara yin ƙara ba. Da na kasa haƙuri na dubi bango na ce, "Mutanen Azare kwana biyu shiru."

Mero ta yi wani murmushi ta ce, "Ai kai za a tambaya."

Ban gane ba, kuma girma bai bar ni na nemi ƙarin bayani ba.

Ran Laraba da safe ina shan koko, ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

"Malam, ashe kana da baki haka? Shekara ashirin da huɗu muna tare, ko rabin wannan ban taɓa samu ba."

"Wane baki?"

"Ummi ta karanta mini a waya, tana kuka ina kuka. Allah ya saka maka. Amma da ka shawarce ni kafin ka ce ta dawo. Saura wata huɗu fa ta gama."

Na ajiye ludayi. "Ta dawo ina?"

"Gida mana. Gobe za ta taho da kayanta. Ta ce kai ka ba ta izini."

Na tashi na koma zaure, na zauna a kan dakali, na nemo Mai Sunan Hajiya. Na ja sama, na ja sama, yatsana ya gaji ban kai farko ba. Kwana goma sha biyu. Saƙo ya fi ɗari biyu.

Na farkon shi ne wanda na sani: "Baba barka da Juma'a." A ƙarƙashinsa, a gefen da nawa suke fitowa, ga amsa. Da sunanta ya fara. Sunan mahaifiyata, tsirara, ba Hajiya ba komai, kamar mai kiran lamba a asibiti. Sannan ya ce, "'Yata abar alfaharina, barkanmu da Juma'a. Yaya karatu? Duk lokacin da kike son magana, ina nan." Da fure.

Awa uku suka wuce. Sannan ta rubuto, "Baba kai ne?"

Ya ce, "Ina tare da ke, 'yata."

Ku duba fa. Ko ƙaryar ma bai iya yinta kai-tsaye ba, sai irin ta dillali.

Daga nan ta ɓalle kamar an fasa tulu. Ashe akwai jarrabawar aiki da ake yi musu a gaban malamai, ta sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar majiyyaci. Sau biyu tana faɗuwa. A takarda babu wanda ya fi ta a ajinsu, amma da ta riƙe allura ta ga fatar mutum, sai hannunta ya kama rawa. A karo na biyu wata tsohuwa ce, ta soke ta sau uku ba ta samu jijiyar ba, tsohuwar ta yi salati ta ce a canza mata wata. An ba ta dama ta ƙarshe ran Litinin mai zuwa. Ta ce ba ta iya cin abinci. Ta ce abin da ya fi jarrabawar ba ta tsoro shi ne ranar da zan ji.

Na karanta wannan layin sau uku.

Shi kuwa Malam Iyayi me ya ce? "Na fahimci yadda kike ji." Da me yake ji? Sai ya jero mata shawarwari guda biyar da lambobi: ta sha ruwa, ta yi barci, ta yi tafiya a ƙasa, ta rubuta abubuwan da take gode wa Allah a kansu, na biyar ɗin na manta. Yarinya hannunta na rawa, an ce ta sha ruwa. Kullum haka, tana kuka yana shafa mata zuma. Sai ran Litinin da ta wuce ya rubuta wannan: "Farin cikinki ya fi kowace takarda. In zuciyarki ta gaji, ƙofar gida a buɗe take."

Ta ce, "Na gode Baba. Ba zan shiga ta Litinin ba. Zan haɗa kayana in taho ran Alhamis."

Ya ce, "Ina goyon bayan duk shawarar da kika yanke."

Ai na san wannan maganar. Ita ya faɗa wa Hajiya Mai Jar Jaka ranar da ta ce ta fasa ja, baƙa take so. Da yarinyar ta ce rijiya za ta faɗa, goyon bayan zai ba ta, ya ƙara da fure. Shi me zai rasa? Ba shi ne ya raka ta tasha da akwatin ƙarfe shekara uku da suka wuce ba. Ba shi ne ya gan ta tana 'yar shekara tara tana ɗaure wa kazar Mero karyayyar ƙafa da tsinken tsintsiya ba, tana cewa ita ce likita.

Amma akwai abin da ya fi wannan ci mini rai, kuma zan faɗa. Saƙo ɗari biyu. Ni shekara uku barka da Juma'a nake samu.

Ban je Kurmi ba. Ƙofar Ruwa na nufa, na sami Ɗahiru yana cika wa wani makanike baki a kan yadda duniya ta canza. Na miƙa masa wayar na ce, "Karanta ci-gaba."

Ya fara da dariya. "Mai Sunan Hajiya? Kai bawana, wa ya ce ka..." Dariyar ta ɗauke. Ya cire tabarau, don da shi ba ya gani sosai. Ya daɗe yana karantawa. Da ya ɗago ya ce, "Yaya Gwadabe, ka yi haƙuri."

A nan ne tsoro ya kama ni da gaske.

Na ce ya cire Malam Iyayi daga wayar. Dannawa biyu ce kawai. Kafin ya fita har da tambaya wai mun tabbata, za su yi kewarmu. Na ce a gaya masa ya je ya yi kewar ubansa, in yana da shi.

"Yanzu kira ta," in ji Ɗahiru.

"In ce me?"

"To rubuta."

Na ɗauki lokaci na haɗa kalma uku: Kada ki dawo. Kafin in tura ya fizge wayar.

"Kana da hankali? Kwana goma sha biyu ana ba ta zuma, yau ka aika mata da maɗaci ba bayani? Cewa za ta yi ka kore ta. Tashi mu tafi."

Motar Ɗahiru ta girmi 'yar tawa. Mai sayar da kayan gyaran mota, amma ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta. Sai da muka wuce Wudil ya tsokane ni.

"Amma fa ka san wani abu? Abin nan ya fi ka iya zama uba."

"Ya fi ka iya ƙarya dai, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne."

"Aƙalla ya tambaye ta yaya karatu."

Na dubi gonakin gero har muka shiga Azare, bayan azahar.

Mai gadin makarantar, wani dattijo mai carbi, ya tambaye ni wa nake nema. Na buɗe baki na rufe. Na ce wata ce daga Kano, doguwa, tana ajin ƙarshe. Ya ce 'yan Kano sun fi ashirin. Ɗahiru ya matso ya faɗi sunan. Dattijon ya dube ni ya yi dariya ya ce, "'Yar fari ce ke nan. Ku zauna a inuwa."

Muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Can sai ga ta, cikin fararen kaya da hijabi, ta rame har wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Ta durƙusa ta gaishe mu. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta ɗago ta dube ni a ido, tana murmushi, kamar mai ganin aminin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Baba, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Na ma gama ɗaure kayan."

Na dubi tayar motar Ɗahiru. Na ce, "Ɗahiru, gaya mata ba ni ba ne."

Ɗahiru ya gyara murya. "Ummi, babanki yana so ki sani cewa, a cikin ƙaunar da yake miki mai zurfi..."

"Kai! Abin da na faɗa za ka faɗa. Na kori mai ƙarin gishiri ɗaya yau."

Sai ya yi mata bayani tiryan-tiryan: rumfa, manhaja, Hajiya da Alhaji, sunan da ke cikin wayata. Ya ce laifinsa ne. Tana ji, murmushin yana janyewa a hankali, har ta mayar da idonta ƙasa, inda ya saba zama. Na so a ce ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta ɗauki wani ɗan tsinke tana zane a ƙasa.

"Baffa Ɗahiru," in ji ta, "ka gaya masa na yi zargi tun ranar farko. Baba bai taɓa sa alamar tambaya ba. Amma ban so in tabbatar ba."

Ɗahiru ya juyo. "Ta ce..."

"Na ji, ba kurma ba ne ni. Gaya mata ba inda za ta. Ran Litinin za ta shiga."

"Ka gaya masa ba zan iya ba. Hannun ne ba ya jin magana. Na yi addu'a, na yi azumi, na gwada a jikin lemo ya fi sau ɗari. A lemo lafiya lau. Da na ga mutum sai ya fara."

"Gaya mata lemo ba ya salati, shi ya sa."

Ɗahiru ya tuntsire da dariya. Ita ma bakinta ya motsa kaɗan.

Na sa hannu a aljihu. Baduku ba ya rabuwa da basilla da guntun fata, kamar yadda mai shan taba ba ya rabuwa da ashana. Na shimfiɗa fatar a gwiwata.

"Gaya mata ina shekara goma sha biyar, babana ya ba ni ɗinkin gafakar Alƙur'ani ta wani babban malami. Malamin yana zaune a rumfar yana jira. Hannuna ya kama rawa, na ɓata fata biyu, na soki cinyata, ga tabon nan har yau. Na gudu gida na ce na bar dukanci, dako zan koma. Babana bai ce mini ya fahimci yadda nake ji ba. Kunnena ya kamo ya dawo da ni, ya nuna mini abu ɗaya."

Wannan labarin ko Mero ba ta san shi ba. Ɗahiru ya buɗe baki zai maimaita, ya ga tana kallon gwiwata, ya fasa.

"Hannun da ke rataye a iska dole ya yi rawa, ko na wane ne. Sai an ba shi wurin jingina. Ɗan ƙaramin yatsa za a kafa a kan fatar tukuna, a danne, ya zama shi ne turke. Sannan ba a sokawa da numfashi a ciki. A fitar da shi, in ya kusa ƙarewa, a tura. Kuma ba tsinin ake kallo ba, inda za shi ake kallo."

Na yi sau biyu a hankali. Na ajiye basillar a kan benci. Ta ɗauka, ta ɗora fatar a gwiwarta. Na ga rawar da idona, tsinin yana lilo kamar kan ƙadangare. Ta kafa yatsan, amma a karkace, kuma ta riƙe numfashi har kafaɗunta sun ɗaga.

"Ba haka ba," na ce. "Kwantar da shi. Nan. Saki kafaɗar. Wa ya ce ki haɗiye iska? Fitar da ita."

Sai da na ga hannuna a kan nata ina gyara yatsan, sannan na lura da wa nake magana. Basillar ta shige fatar sumul. Ta zare, ta sake. Ta sake. A karo na huɗu ban taɓa ta ba.

"Shi ke nan," in ji Ɗahiru, "an kori sakatare na biyu. Rana ɗaya, ma'aikata biyu. Allah ya isa."

"Gaya mata in tana neman jijiyar gwaji, ga hannun bawana nan, ta soka har ta gaji. Ba shi da wani amfani."

"Allah ya kiyaye! Ni da jinina yake tsada."

Ta yi dariya sosai wannan karon, ta rufe baki da hijabi. Da dariyar ta lafa ta ce, "Baffa, in na sake faɗuwa fa?"

"Gaya mata in ta shiga ta faɗi, ni zan zo in ɗauki akwatin da kaina, kuma babu mai cewa uffan a gidan. Amma faɗuwar da ba a shiga ba, ba na karɓar ta."

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe basillar a cikin fatar, ta riƙe, ba ta ce a ba ta ba, ni ma ban ce ta dawo da ita ba. Muka miƙe. Har na kama igiyar ƙofar mota sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Baffa, ka tambaye shi. A cikin duk abin da wancan ya rubuta, babu ko ɗaya da yake nasa?"

Ɗahiru bai maimaita ba. Tsayawa ya yi yana kallona ta saman mota, babu wasa a fuskarsa. Na yi ta kokawa da ƙullin igiyar, alhali ni na ƙulla shi da hannuna.

"Gaya mata furannin ba nawa ba ne. Shawarar shan ruwa ba tawa ba ce. Sunan da ya kira, Allah ya yafe masa rashin kunya." Na ja igiyar. "Amma kalma biyun da ya sa bayan 'yata a saƙon farko, a nan dai ɗan banza bai yi mini ƙarya ba."

Na shige mota na ce ya ja mu tafi, kafin la'asar ta wuce mu a hanya.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban yi aikin kirki ba. Na ɗinka wa wani takalmi ƙafar hagu biyu. Hajiya Abuja ta rubuto tana tambayar ina yaron nan mai ladabi da ke amsa mata saƙo, na ce To. Wayar kuwa na fitar da ita daga aljihu na jingina ta da gwangwanin gam, inda idona zai riƙa kai wa.

Ran Litinin, ana kiran azahar a masallacin kasuwa, wayar ta yi ƙara. Na goge hannu a riga na ɗauka. Mai Sunan Hajiya.

"Baba na shiga. Wani dattijo ne mai siraran jijiyoyi. Sau ɗaya na soka. Ya ce bai ma ji ba."

Na daɗe ina kallon allon. Babu wanda zai amsa sai ni. Na rubuta To. Na tsaya. Sannan na sunkuya, na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da gefen farce, na goge sau uku saboda yatsan nan nawa, har liman ya ta da salla ban gama ba.

To madalla.